Salamar Gida Da Hannu Ake Yin Ta



Babu kalmar da ta fi yawo a bakinmu kamar salama. Da ita muke gaisawa a ƙofar majami'a, da ita fasto yake sallamar jama'a bayan sujada, ita muke roƙa wa ƙasa duk sa'ad da aka ce a tashi a yi addu'a. Amma in aka tambaya a ina ake yin ta, wa kuma yake yin ta, sai wasu su ɗaga ido sama, wasu su nuna Abuja. Ra'ayinmu a wannan mako shi ne, kaso mafi girma na salamar da mutum zai ɗanɗana a rayuwarsa a cikin gida ake haɗa shi, da tsintsiya da tukunya da bokitin wanki. Aikin gida ibada ne. Tun da kuwa ibada ne, bai kamata a raina shi ba, bai kuma kamata a jibga wa mutum ɗaya shi ba, sauran su zauna suna jiran a kawo musu salama a faranti.

Mu fara da rainin. A cikin matasa, musamman waɗanda suka leƙa kwaleji ko jami'a suka fito da takarda, akwai wata amsa da ta zama ruwan dare. A tambayi saurayi, "Mama fa, wane aiki take yi?" Sai ya ce, "Ba ta aikin komai, tana gida ne kawai." Wannan matar da ba ta aikin komai ita take riga kowa tashi, ita take kwanciya bayan kowa. Kafin ƙarfe 6 ta hura wuta, ta ɗora ruwan wanka, ta dama kunu, ta yi ɗumamen tuwon jiya. Ta shirya yara makaranta, ta yi shara da wanke-wanke, ta kai niƙa, ta bi layin famfo ko ta yi ciniki da mai garuwa, ta duba tsohuwar da ke kwance a ɗakin baya, kafin ta juya rana ta yi tsaka, an fara tunanin abincin dare. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2018 cewa kowace rana ana kashe awa biliyan 16.4 a duniya a kan kula da gida da yara da marasa lafiya ba tare da an biya kowa ko sisi ba, kuma kashi 76 cikin 100 na waɗannan awoyi mata ne suke yin su. Da matan Kabong a Jos, ko na Narayi a Kaduna, ko na Jimeta za su haɗa baki su ajiye muciya na kwana uku, da ba wanda zai sake cewa ba sa aikin komai.

A zamanin nan ma aikin ya ƙara nauyi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya san yadda kasuwa ta koma. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma kuɗin cefanen da ake ajiyewa da safe bai bi sawun farashin mudu ba. Wa yake jan wannan kuɗi har ya kai ƙarshen wata? Wadda ta san ranar da za a ci gwate da ranar da za a ci shinkafa, wadda ta shanya tumatir da kuɓewa lokacin araha, wadda ba ta zubar da ƙanzo. Wannan lissafi ne da basira, ko da babu wanda ya ba ta takardar shaida a kansa.

To, me Littafi Mai Tsarki ya nuna mana? Luka ya ce Yesu yana da kimanin shekara 30 sa'ad da ya fara hidimarsa a fili. Galibin shekarun da suka gabaci haka a Nazarat ya yi su, a gidan masassaƙi, har mutanen garin suka san shi da sana'ar. In muka duba misalan da ya yi ta koyarwa da su, za mu ga mutumin da ya san cikin gida sarai: mace tana cuɗa yisti a gari, mace ta kunna fitila tana share ɗaki kaf don tsabar kuɗinta ɗaya da ta ɓace, facin sabon ƙyalle a tsohuwar riga, gishirin da ya sane, maƙwabcin da ya buga ƙofa da tsakar dare yana neman aron gurasa saboda ya yi baƙo. Wanda bai zauna kusa da murhu ba, ba zai yi irin wannan koyarwa ba. A sura ta 21 ta Yohanna kuma, bayan tashinsa daga matattu, almajirai sun kwana suna kamun kifi, da gari ya waye suka fito gaɓa suka tarar da wutar gawayi da kifi a kai, da gurasa. Ubangijin da ya ci nasara a kan mutuwa shi ya shirya musu karin kumallo. Sai da suka ci suka ƙoshi, sannan ya juya ga Bitrus, wanda ya yi musun saninsa sau uku, ya maido shi bakin aiki. Abinci ya fara zuwa, maganar sulhu ta biyo baya. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan tsari, shi ya sa ba sa tayar da maganar rigima ga wanda bai ci ba.

Ta yaya aikin gida yake kawo salama? Hanya ta farko ita ce lafiyar jiki. A shekarar 1969 wata ma'aikaciyar jinya a asibitin mishan na garin Lassa, a Jihar Borno ta yau, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san shi ba, aka kawo ta Jos, ta rasu a can. Sunan garin aka laƙaba wa cutar, kuma har yau kusan kowane rani sai ta ɗauki rayuka a ƙasar nan. Babbar hanyar kamuwa da ita ita ce fitsari da kashin ɓera da suke taɓa abinci. Ke nan wanda ya rufe tukunya da marfi, ya zuba hatsi a mazubi mai murfi, ya kwashe shara daga bayan ɗaki, ya toshe ramin ɓera, ya yi wa iyalinsa rigakafi. Haka wanda ya kifar da gwangwanin da ruwa ya taru a ciki don kada sauro ya hayayyafa, da wanda ya saba wa yara wanke hannu kafin su sa a kwano. Duk gidan da ya taɓa kwana a barandar asibiti ya san darajar daren da kowa ya yi barci lafiya. Addu'ar neman tsari tana da kyau, rufe abinci ma yana cikin amsarta.

Hanya ta biyu ita ce ta zuciya. Aikin hannu da ake maimaitawa, irin su tsince shinkafa, ɓarar gyaɗa, ninke kaya da guga, yana barin zuciya ta sarara. Hannu ya san hanyarsa, hankali ya sami wurin yin tunani da addu'a. Yawancinmu ba a aji muka haddace waƙoƙin sujada ba, daga bakin uwa ko kaka muka ɗauke su tana wanki tana rerawa. A Faransa an yi wani bawan Allah da aka fi sani da Ɗan'uwa Lawrence, wanda ya rasu a 1691. Shekaru da yawa ya yi a madafar wani gidan masu ibada a birnin Paris yana girki da wanke tukwane, daga baya ya koma gyaran takalma. Abin da ya sa har yau ake tunawa da shi shi ne ya koya wa mutane cewa ana iya zama a gaban Allah cikin hayaniyar madafa kamar yadda ake zama a gabansa a wurin addu'a. Matan zumunta da yawa a ƙauyukanmu ba su taɓa jin sunansa ba, amma abin da ya koyar shi suke yi kowace safiya. Mu tsaranmu da waya ta hana zuciyarmu zama wuri ɗaya, muna da abin koya a nan. Rabin awa na wanke-wanke ba tare da waya a hannu ba ya fi awa biyu na zagaye a intanet huce rai, wanda ya gwada zai ba da labari.

Hanya ta uku ita ce ta zaman tare. Yaron da ya san lokacin cin abinci, ya san inda tabarmarsa take, ya san wanda zai tarar in ya dawo makaranta, yana girma da natsuwa ko da gidan ɗaki ɗaya ne. Magidancin da ya sha rana da baƙar magana a waje, in ya shigo ya tarar da tsari, rabin fushinsa a ƙofa yake tsayawa. Matar da ta dawo daga kasuwa ko ofis ta tarar an share tsakar gida an ɗebo ruwa, muryarta daban take fita. Rigingimu da yawa da suke kai ma'aurata gaban dattawan ikkilisiya ba daga babban abu suka faro ba, daga gajiya ne da ƙananan abubuwa da aka bari suka taru. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Bangaskiya fa? Mu yi ɗan lissafi. Mako yana da awa 168. In yaro ya je makarantar Lahadi da sujada da koyon waƙa, da ƙyar ya cika awa 5 a majami'a. Sauran lokacinsa yana makaranta, yana unguwa, mafi yawa kuma yana gida. Shi ya sa a Maimaitawar Shari'a sura 6 aka ɗora wa iyaye koyar da umarnan Allah a zaune a gida, da kan hanya, da lokacin kwanciya da na tashi. Bulus ma, da yake yaba bangaskiyar Timoti, ya ce daga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ta gangaro. Yaro yana koyon gaskiya ranar da ya ga an mayar wa mai shago canjin da ya wuce. Yana koyon jinƙai ranar da aka zuba tuwo a kwano aka ce ya miƙa wa gwauruwar da ke maƙwabtaka. Yana koyon gafara ranar da ya fasa tulu ya ga yadda aka bi da shi. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, gidaje da yawa a Arewa da shi suka koyi karatu, a gaban fitilar ƙwai, lokacin addu'ar dare.

Ikkilisiya kanta a cikin gida ta yi rarrafe. Masu bi na farko ba su da gine-ginen sujada. A gidan Akila da Bilkisu suke taruwa, da gidan Lidiya mai sayar da jan alharini a Filibi, da gidan Filimon. Ko'ina aka yi irin wannan taro, akwai wanda ya share wurin, ya shimfiɗa abin zama, ya toya gurasa, ya wanke kwanuka bayan an watse. A ƙasarmu ma haka aka faro. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta yi sujadarta ta farko a Garkida a 1923, a ƙarƙashin tsamiya. Ikkilisiyoyi da yawa da muke alfahari da gininsu a yau, a zauren wani ko a falon wata suka fara.

Ba kuma tarihin dā kaɗai ba ne. A ƙarshen watan Oktoba na 2014, lokacin da Boko Haram suka kama Mubi suka mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi, dubban mutane suka kwararo Yola, wasu suka wuce Jos da Abuja, wasu suka tsallaka Kamaru. Majami'ar Katolika ta St. Theresa a Yola ta buɗe ƙofarta ga masu gudun hijira, an kuma buɗe sansanoni. Amma akasarin waɗanda suka gudu a gidajen mutane suka sauka, na Kirista da na Musulmi. Gida mai ɗaki biyu ya koma masaukin iyalai uku ko huɗu. Wa ya ƙara ruwa a miya don ta isa? Wa ya raba tabarmi, ya tsara layin banɗaki, ya rarrashi yaron da ke firgita da dare? A lokacin da aka ƙone gine-ginen sujada, tukunyar tuwo ce ta riƙe ikkilisiya. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai ƙara kiran aikin gida ƙaramin abu ba.

Yanzu sai mu zo inda maganar take da ɗaci. Aikin nan da yake kawo salama, shi ne kuma yake kwashe ta in aka bar wa mutum ɗaya. Ku dubi safiyar Lahadi a gidaje da yawa. Uwa ta tashi ƙarfe 4, ta yi girki, ta yi wa yara wanka, ta goge rigar maigida, ta nemo takalmin da ya ɓace. Maigida ya shirya tsaf ya fita ƙofa yana duba agogo yana cewa mata ba su san lokaci ba. Samarin gidan suna kwance da waya, 'yan matan ne kaɗai ake ƙwala wa kira. A majami'a kuma, in barci ya ɗauke ta lokacin wa'azi, mai tsaron layi ya zo ya taɓa ta, wasu su yi dariya. Kowa a gidan ya sami salama ban da wadda ta haɗa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mun san wa yake tsugune a gaban murhun icce da goyo a baya.

Za a ce, ai Karin Magana sura 31 ta nuna mace tagari ita ce mai tashi tun da duhu. Gaskiya ne, amma a karanta surar duka. Da farko dai, magana ce da uwa ta koya wa ɗanta, sarki Lemuwel, wato kunnen namiji aka fara nufa da ita. Matar da aka kwatanta tana da masu taya ta aiki, tana duba gona ta saya, tana saƙa ta sayar wa 'yan kasuwa, tana da abin hannunta har tana ba matalauta. Surar kuma ta ƙare da mijinta da 'ya'yanta suna yabonta, da umarni a ba ta ladan aikinta a kuma girmama ta a bainar jama'a. Ayoyi 22 na ƙarshen surar waƙa ce da aka jera bisa haruffan Ibrananci, kuma a gidajen Yahudawa da yawa har yau miji ne yake rera wa matarsa ita a daren Juma'a kafin cin abincin Asabar. Abin da aka rubuta don yabo, a wurinmu sau da yawa ya koma bulalar da ake fito da ita a makon Zumuntar Mata.

Za a kuma kawo labarin Marta da Maryamu a Luka sura 10, a ce ai Yesu ya nuna hidimar gida ba ta da muhimmanci. A lura da abin da ya tsauta wa Marta a kai: damuwa da ɗawainiyar abubuwa da yawa har hankalinta ya rabu. Bai ce girki laifi ne ba, domin a Yohanna sura 12 mun sake ganin ta tana hidimar abinci a Betanya, ba wanda ya hana ta, kuma ita ce a sura ta 11 ta shaida da bakinta cewa shi ne Almasihu. A lura kuma da abin da ya yi wa Maryamu: ya ƙi yarda a tashe ta daga wurin koyo a mayar da ita madafa. Darasi biyu ne a nan. Aikin gida da ya cika da damuwa ya rasa amfaninsa, kuma mace tana da 'yancin ajiye ludayi ta zauna ta ji Maganar Allah. In haka ne, dole wani ya karɓi ludayin.

Wa zai karɓa? Maza, da ku muke, da mu da ku. A daren da aka bashe shi, Yesu ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da ake bar wa bawa mafi ƙanƙanta a gida, ya kuma ce su yi koyi da shi. Da aka sami gunaguni a kan rabon abincin gwauraye a Urushalima, a Ayyukan Manzanni sura 6, maza bakwai aka zaɓa su kula da shi, aka kuma sa sharaɗin su zama cike da Ruhu da hikima. Istifanas, wanda ya fara ba da ransa saboda bishara, yana cikinsu. Martin Luther, a rubutunsa na 1522 a kan aure, ya yi maganar uban da yake wanke tsummokin jariri mutane suna masa ba'a, ya ce Allah yana jin daɗin wannan aiki in an yi shi da bangaskiya. Yau fiye da shekara 500 ke nan, amma har yanzu in namiji ya ɗauki tsintsiya a wasu unguwanninmu sai a ce an shanye shi, ko a kira shi mijin tace. Abin mamaki, saurayin da ya yi shekaru a makaranta yana dafa taliyarsa yana wanke kayansa, ranar da aka ɗaura masa aure sai hannunsa ya manta komai. Shugabancin gida da muke yawan ambata daga Afisawa sura 5, an auna shi ne da yadda Almasihu ya ba da kansa domin ikkilisiya. Wanda aka ce ya ba da ransa, ɗebo jarka biyu ta ruwa bai kamata ya gagare shi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma wata da ba a cika ambata ba, wato yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin za a sa ta makaranta. A gidaje da yawa masu addu'ar safe da ta dare, salamar da ake gani a falo a kan wuyan wannan yarinya take. Ita take kwana a madafa, ita take cin saura, ita ake bari da jariri ranar Lahadi. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, amma Kirista bai kamata ya jira doka ta faɗa masa ba. In yarinyar da ke gidanka ba ta cin abin da 'ya'yanka suke ci, ba ta zuwa makarantar da aka yi wa iyayenta alkawari, to tsabtar gidan nan ba ibada ba ce, zalunci ne da aka fesa wa turare.

Shugabannin ikkilisiya ma suna da nasu rabo. A wasu wurare babu yammacin da babu taro: Litinin matasa, Talata mata, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis mawaƙa, Juma'a kwanan addu'a, Asabar share majami'a, ban da bikin aure da ta'aziyya da kwamiti iri-iri. Mutanen da suka fi himma su ne 'ya'yansu suke cin abincin dare su kaɗai. Sai gida ya ƙoshi ake kai wa dawa. Ikkilisiyar da za ta keɓe yamma ɗaya ko biyu a mako ta ce kowa ya zauna a gidansa, a ci abinci tare, a yi addu'a tare, ba ta rasa komai ba. Haka kuma wa'azin aikin gida ya daina zama na ranar mata kaɗai, a kai shi taron maza da na samari, a sa shi cikin shawarar da ake ba masu shirin aure, a tambayi ango a gaban amarya wane aiki ne zai zama nasa.

Kada a fahimce mu a baibai. Ba cewa muke mace ta ajiye takardarta ko sana'arta ta koma gida ba. Lidiya 'yar kasuwa ce, Bilkisu tana ɗinkin tanti tare da mijinta, dukansu kuma gidajensu sun zama albarka. Wadda ta zaɓi zaman gida a girmama ta, wadda take fita aiki a taya ta. Ba kuma cewa muke sai mai kuɗi yake da gida mai salama ba. Matar Shunem da ta shirya wa annabi Elisha masauki, gado da tebur da kujera da fitila kawai ta sa, ya kuwa ishe shi. Mun ga gidajen tayil da ba a magana da juna, mun ga ɗakin haya mai labule ɗaya da baƙo ba ya son tashi. Sannan kada kowa ya fake da salamar gida ya ce wa wadda ake duka ta yi haƙuri ta rufa asiri. Inda ake duka babu salama, tsoro ne kawai ya hana magana, kuma aikin dattawa da dangi da hukuma ne su shiga.

Abin da muke roƙo kaɗan ne, kowa kuma zai iya farawa a makon nan. Saurayi ya zaɓi aiki ɗaya a gidansu ya zama nasa ba sai an tuna masa ba. Maigida ya tambayi uwargida wane aiki ne ya fi ci mata rai, ya ɗauke mata shi, in da hali ya sa kuɗin gas ko murhu mai rage hayaƙi a gaban kuɗin sabuwar waya. Iyaye su koya wa Bitrus tuƙa tuwo kamar yadda suke koya wa Rahila, tun icce yana ɗanye. A addu'ar cin abinci, bayan an gode wa Allah, a juya a gode wa wanda ya dafa, a kira sunansa. Ke kuma 'yar'uwa da kike ganin ranakunki suna ƙarewa tsakanin murhu da igiyar shanya, ki sani aikinki yana da suna a gaban Allah, kina kuma da 'yancin cewa kin gaji, a taya ki.

Muna so mu ji daga gare ku. A gidan da kuka tashi, wa yake yin wane aiki? Wane abu kuka koya game da Allah a tsakar gida wanda ba ku koya a majami'a ba? Iyayenmu mata da ke tare da mu, ku gyara mana inda ƙuruciya ta sa muka gajarta.

Ubangiji ya ba gidajenmu salama, ya kuma ba mu hannuwan yin ta. Sai mako mai zuwa, in ya kai mu.